Shin saɓanin fassarar littattafai masu tsarki ne ke haifar da tsattsauran ra'ayi?

Tambayar da aka aiko ita ce: masu kashe mutane da sunan Musulunci suna jawo ayoyi, masu yin haka da sunan Kiristanci ma suna jawo nasu, malaman da ke ƙaryata su kuma daga waɗannan littattafan dai suke ɗauko hujja. To littattafan ne suka zo da abin, ko fassara ce? In fassara ce, ta yaya wanda ba malami ba zai gane wadda ta karkace?

Saɓanin fassara shi kaɗai ba ya zubar da jini. Duk wanda ya buɗe tafsirin Ɗabari zai ga aya guda an jero mata maganganu uku ko huɗu na magabata, ya rinjayar da ɗaya, ya wuce, bai kafirta sauran ba. Malaman coci na da ma sun daɗe suna cewa nassi guda yana iya ɗaukar ma'ana ta zahiri da ta ruhaniya a lokaci ɗaya. Abin da ke kai mutum ga kisa wani salon karatu ne na musamman, mai matakai sanannu, kuma abin mamaki matakan kusan iri ɗaya ne a addinan biyu. Alamarsa ta farko ma ita ce ƙin yarda da cewa akwai saɓani.

Amma kada a ruɗi mai tambaya da cewa babu ayoyi masu tsauri. Akwai su. Suratut Tauba aya ta 5 ta yi umarni da kashe mushrikai inda duk aka same su bayan watanni masu alfarma sun wuce. Maimaitawar Shari'a 20:16-18 ta umarci Isra'ilawa kada su bar mai numfashi a biranen Kan'ana, 1 Sama'ila 15:3 kuma ta haɗa har da jarirai da dabbobin Amalekawa. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibinsa waɗannan ya bar wa wani ƙofa a buɗe, domin ranar da wani ya nuna wa yaron su, zai ce masa "ka ga abin da malamanka suka ɓoye maka", daga nan kuma ya daina jin maganar kowa sai ta wanda ya nuna masa.

Misalin da ya fi kowane bayyana yadda abin ke aiki shi ne na Khawarijawa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A shekara ta 37 bayan hijira, wato 657, bayan yaƙin Siffin, Sayyidina Ali ya amince a naɗa mutum biyu su yi hukunci tsakaninsa da Mu'awiya. Wasu daga cikin rundunarsa suka ware, suna ɗaga murya da cewa babu hukunci sai na Allah. Lafazin daga Alƙur'ani yake, yana cikin Suratul An'am aya ta 57 da Suratu Yusuf aya ta 40. Ali ya ba su amsar da Muslim ya ruwaito: kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Mutanen nan ba 'yan sharholiya ba ne. Masu tsayuwar dare ne, masu yawan azumi da karatu. Abdullahi ɗan Abbas ya je sansaninsu ya ce su faɗi abin da suke tuhumar Ali da shi. Suka kawo uku: ya sa mutane hukunci a al'amarin Allah, ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai ɗebi ganima ba, ya yarda an goge masa laƙabin Amirul Muminina a takardar sulhu. Ibn Abbas bai yi musu wa'azin zaman lafiya ba. Ya ɗauko Suratul Ma'ida aya ta 95, inda Allah da kansa ya ce adilai biyu su yi hukunci kan mai harami da ya kashe abin farauta, da Suratun Nisa'i aya ta 35, inda aka ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Ya tambaye su: in an yarda mutane su yi hukunci kan zomo da rikicin aure, jinin Musulmi bai fi cancanta ba? Kan ta biyu ya ce, za ku kama uwarku A'isha a matsayin baiwa, alhali Alƙur'ani ya kira matan Annabi iyayen muminai? Kan ta uku ya tuna musu da Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) ya yarda a goge "Manzon Allah" daga takarda a rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi. Wata ruwaya ta ce mutum 2,000 suka koma. Sauran aka gwabza da su a Nahrawan a 658, kuma ɗayansu, Ibn Muljam, shi ya kashe Ali a Kufa a 661.

Littattafan tarihi sun kawo wani abu game da su da ya kamata a riƙe. Ɗayansu ya tsinci dabino ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka tsawata masa cewa bai biya ba, ya tofar. Su ɗin dai suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, ɗan sahabi, suka kashe matar da ke tare da shi tana da ciki, ba su ji komai ba. Tsantseni kan ƙaramin abu tare da sauƙin zubar da jini alama ce da ta maimaitu a kusan duk ƙungiyoyin da suka biyo baya.

Matakin farko na wannan karatu shi ne yanke aya daga abin da ke gabanta da bayanta. A koma Tauba. Aya ta 4 ta ware mushrikan da aka yi alkawari da su ba su warware ba, ta ce a cika musu alkawarinsu har wa'adinsa. Aya ta 6 ta ce in ɗayansu ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sannan a kai shi inda zai aminta. Aya ta 13 ta faɗi su wane ne ake magana a kansu: mutanen da suka warware rantsuwarsu, suka yi niyyar fitar da Manzo, kuma su suka fara. Aya ta 5 tana tsakanin waɗannan. Wanda ya karanta ta ita kaɗai ya ce umarni ne a kan duk wanda ba Musulmi ba har abada, sai ya bayyana yadda zai yi da maƙwabtanta biyu.

Haka abin yake ga Matiyu 10:34, inda Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya ce bai zo ya kawo salama ba sai takobi. Ayoyin da ke biye suna magana ne kan rabuwar ɗa da uba da 'ya da uwa saboda bangaskiya, kuma Luka 12:51 da ya kawo maganar bai ce takobi ba, rarrabuwa ya ce. A Luka 22:36 ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da rigarsa ya saya. Almajirai suka ce ga biyu, ya ce ya isa. A daren nan dai, da ɗayansu ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya hana, ya warkar da kunnen, kuma Matiyu 26:52 ya kawo cewa duk wanda ya ɗauki takobi da takobi zai hallaka. Duk da haka a 1302 Fafaroma Boniface na 8 ya gina hujja kan takubban nan biyu cewa ikon ruhaniya da na duniya duka suna ƙarƙashin coci.

Mai wayo ba ya tsayawa a yanke aya, domin ya san za a kawo masa sauran. Sai ya shiga mataki na biyu, ya rushe sauran gaba ɗaya. A wajen Musulmi ana yin haka da nasikhi da mansukhi. In ka kawo masa Baƙara 256 cewa babu tilas a addini, ko Anfal 61 cewa in sun karkata ga sulhu ka karkata, ko Mumtahana 8 cewa Allah bai hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, amsarsa ɗaya ce: ayar takobi, wato Tauba 5, ta shafe su. Kuma ba ƙirƙira ya yi ba, wasu marubuta na farko sun kai adadin ayoyin da suka ce ta shafe zuwa 124. Sai dai masana fannin ba su bar maganar haka ba. Shafewa tana da sharaɗi: a san wadda ta riga wata sauka, kuma ya zama babu yadda za a haɗa ayoyin biyu a yi aiki da su. In ana iya cewa wannan ta mai yaƙarka ce, waccan ta mai zaman lafiya da kai ce, to babu karo, babu shafewa. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya tace ayoyin da aka shafe a duk Alƙur'ani ya mayar da su kusan 20. Shah Waliyyullahi na Indiya, wanda ya rasu a 1762, ya rage su zuwa 5. Ɗabari kansa, a kan Mumtahana 8, ya ce maganar shafewa ba ta da ma'ana, ayar ta haɗa mabiya kowane addini.

A wajen Kirista matsalar ta ɗauki wata siffa: mene ne matsayin yaƙe-yaƙen Tsohon Alkawari bayan zuwan Almasihu? A ƙarni na 2 Markiyon ya ce a jefar da Tsohon Alkawari kwata-kwata, coci ta kore shi. A ƙarni na 3 malamin coci Orijen ya ce yaƙe-yaƙen Joshuwa ana karanta su ne a matsayin hoton yaƙin mai bi da zunubansa, ba don haka ba da manzanni ba su bar wa coci su ba. Mafi yawan malaman Kirista sun tsaya kan cewa umarnin hallaka Kan'aniyawa na wani lokaci ne da wasu mutane, ya wuce, kuma da Huɗuba a kan Dutse ake auna sauran. Mai tsattsauran ra'ayi yana juya tsarin ne: Joshuwa ya zama dokar yau, "ku ƙaunaci maƙiyanku" kuma ta koma maganar zaman gida da ba ta shafi abokan gaba ba.

Nan ne ake shiga mataki na uku, kuma a ganina shi ne mafi haɗari, domin ayar da aka yanke ba ta kashe kowa sai an ɗora ta a kan wani mai rai. Bukhari ya kawo maganar Abdullahi ɗan Umar cewa Khawarijawa sun ɗebi ayoyin da suka sauka kan kafirai suka ɗora wa muminai. Wasu masu wa'azi cikin Turawan da suka mamaye Arewacin Amurka a ƙarni na 17 sun kira 'yan asalin ƙasar Amalekawa. Masu cinikin bayi da masu kare su sun ɗauki la'anar da ke Farawa 9:25 suka ɗora wa baƙar fata, alhali nassin Kan'ana ya ambata kuma bai yi maganar launi ba. Matiyu 27:25, inda taro ya ce jininsa a kanmu da 'ya'yanmu, an shekara ɗaruruwa ana ɗora ta wa kowane Bayahude, har sai da cocin Katolika ta fito fili ta yi watsi da wannan karatu a 1965.

A ɓangaren Musulmi ayar da aka fi yi wa haka a zamanin nan ita ce Ma'ida 44: wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, waɗannan su ne kafirai. An ruwaito daga Ibn Abbas da ɗalibansa cewa kafirci ne wanda bai kai kafircin fita daga addini ba, sai ga wanda ya musanta hukuncin. A kan haka jumhur suka tafi. Sayyid Ƙuɗub, wanda aka rataye a Masar a 1966, ya rubuta daga kurkuku cewa al'ummomin zamani, har da masu kiran kansu Musulmi, sun koma jahiliyya saboda sun ba mutum ikon da na Allah ne. Shugaban ƙungiyarsa ta 'Yan'uwa Musulmi, Hasanul Hudaibi, ya mayar da martani cewa su masu kira ne, ba alƙalai ba. Amma ƙwan ya riga ya fashe. Muhammad Abdussalam Faraj, injiniyan lantarki ne ba malamin fiƙihu ba, ya ɗauko fatawowin Ibn Taimiyya kan Tatar na ƙarni na 14, wato Mongol da sarakunansu suka musulunta, ya ce shugabannin Masar su ne Tatar na yau. Mutanensa suka kashe Anwar Sadat ranar 6 ga Oktoba 1981.

Kafirtawa tana tafiya ne kamar gobarar daji, ba ta tsayawa inda mai kunna ta ya so. An fara da shugaba. Sai soja da ɗan sanda, don suna kare shi. Sai ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta. Sai wanda ya yi zaɓe. Sai malamin da ya ƙi kafirta su, da ƙa'idar cewa wanda bai kafirta kafiri ba shi ma kafiri ne. A Aljeriya ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta GIA ta kai ga kafirta jama'ar ƙasar gaba ɗaya a 1997, tana yanka ƙauyuka. Boko Haram ta rabu biyu a 2016, kuma babban abin da aka tuhumi Abubakar Shekau da shi a cikin gida shi ne halatta jinin talakawan Musulmi da ba su yi hijira zuwa wurinsa ba. ISIS ma ta kashe wasu mutanenta kan gardamar ko wanda ya yi wa jahili uzuri shi ma ya kafirta. Malaman da suka san fannin sun gindaya wa abin shinge tun da: a bambanta cewa "wannan aiki kafirci ne" da cewa "wane kafiri ne", a tabbatar babu jahilci, babu kuskure, babu tilas, babu tawili, a tsayar da hujja, sannan alƙali ne ke yanke hukunci. Annabi (SAW) ya tsawata wa Usama ɗan Zaid kan mutumin da ya kashe a fagen fama bayan ya yi kalmar shahada, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne.

Maganar alƙali ta kawo mu ga wa ke da ikon zartarwa. Fiƙihun mazhabobi ya danƙa yaƙi da haddi a hannun shugaba. Kiristanci ma, tun daga Agustin har Toma Akwinas, manyan malaman coci, ya sa halattaccen iko a matsayin sharaɗin farko na yaƙin adalci, kafin dalili na gaskiya da kyakkyawar niyya, kuma Romawa 12:19 ta hana mai bi ɗaukar fansa da kansa. Mai tsattsauran ra'ayi dole ya karya wannan, in ba haka ba hannunsa a ɗaure yake. Hanyarsa ita ce ya ce shugaban ya kafirta ko ya zama na Shaiɗan, saboda haka wajibin ya dawo kan kowane mutum. Wasu a Amurka sun jingina da labarin Finehas a Littafin Ƙidaya 25, wanda ya soke mutum biyu da mashi ba tare da jiran umarnin kowa ba. Paul Hill, tsohon fasto da cocinsa ta riga ta kora, ya harbe likita mai zubar da ciki da mai rakiyarsa a 1994, aka zartar masa da hukuncin kisa a 2003, bai nuna nadama ba.

Zai zama rashin adalci a nuna kamar 'yan tawaye da jahilai ne kawai ke karkatar da nassi. Agustin, wanda babu malamin da ya fi shi tasiri a cocin Yamma, da farko ya ƙi a tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus na Arewacin Afirka. Daga baya ya canza, ya kafa hujja da Luka 14:23, inda maigida a cikin misali ya ce wa bawansa ya tilasta wa mutane su shigo biki. Gayyatar cin abinci ta zama izinin amfani da ƙarfin hukuma, aka yi ta jawo ta har lokacin da Faransa ta soke 'yancin Furotesta a 1685. A 1095 Fafaroma Urban na 2 ya kira yaƙin da ya ƙare da kisan kiyashi a Ƙudus a 1099. A 1525 Thomas Müntzer ya jagoranci manoman Jamus da nassi a bakinsa, Martin Luther kuma ya kira sarakuna su murƙushe su da Romawa 13. Littattafan fiƙihu na da su ma suna ɗauke da babin yaƙin faɗaɗa daula, an rubuta su a duniyar da daulolin da ba su da yarjejeniya a tsakaninsu suke ɗaukar juna a matsayin abokan gaba. Jumhur sun ce dalilin yaƙi shi ne yaƙar da ake yi wa Musulmi, wasu suka ce kafirci ne kansa, kuma wannan saɓani na gaske ne. Amma ko masu ra'ayi na biyu ba su halatta kashe mata da yara ba, wasiyyar Abubakar ga rundunar Sham tana nan a Muwaɗɗa, ba su kuma halatta warware amana ba. Wanda ya shiga ƙasa da izini ko yake zaune da mutane bisa alkawari, jininsu da dukiyarsu sun haramta gare shi.

Sai maganar ƙarshen duniya. Ƙungiyar da ta gaskata cewa ƙarshen duniya ya zo ba ta lissafin gobe, kuma duk wani sharaɗi na haƙuri da bin mataki yana faɗuwa. A Münster ta Jamus, a 1534, wasu daga cikin masu sake baftisma, wato masu cewa sai babba ake yi wa baftisma, suka ce birninsu ne Sabuwar Urushalima. Shugabansu Jan Matthys ya fita ranar Ista da mutane kaɗan ya tunkari rundunar da ta kewaye su, yana jiran taimako daga sama, aka daddatsa shi. Birnin ya faɗi a 1535, kuma kejin ƙarfen da aka rataye gawarwakin shugabannin a ciki suna nan a hasumiyar coci har yau. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, Juhaiman al-Utaibi ya kame Masallacin Harami da makamai yana cewa surukinsa ne Mahdi. Aka kashe wanda aka ce Mahdin ne a cikin faɗan. ISIS ta sa wa mujallarta sunan Dabiƙ, wani gari a Siriya, saboda hadisin da ke cikin Muslim kan yaƙin ƙarshen zamani a can, garin kuma ya kuɓuce mata a Oktoban 2016 ba tare da wani babban yaƙi ba. A Kanungu da wasu wurare na Uganda fiye da mutum 700 'yan wata ƙungiyar addini suka mutu a 2000 bayan ranar da aka sa ta wuce duniya ba ta tashi ba. A dajin Shakahola na Kenya an tono gawarwaki fiye da 400 tun daga 2023, na mutanen da ake zargin an ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Littattafan biyu duk sun rufe wannan ƙofa, A'araf 187 ta ce sanin Sa'a yana wurin Ubangiji kaɗai, Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar, amma mai lissafi kullum yana da dalilin da ya sa shi aka keɓe.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma fassara ba ita ce farkon labari ba ga mafi yawan mabiya. Binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da ɗaruruwan tsofaffin 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ya nuna kashi 71 cikin 100 sun ce wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ya tunkuɗa su a ƙarshe, kashi 57 kuma sun amsa cewa fahimtarsu ga nassin addini kaɗan ce ko babu. Takardun rajistar ISIS da suka fita a 2016 sun nuna kusan kashi 70 na sababbin shiga an rubuta saninsu na shari'a a matakin farko. Fushi da wulaƙanci da neman inda za a jingina su ke kawo mutum bakin ƙofa. Aikin fassarar shi ne ta ba fushin suna, ta nuna masa wa zai huce a kansa, ta cire masa jin laifi. Shugabannin kuwa sau da yawa sun yi karatu, wasu sosai ma, don haka cewa "jahilci ne kawai" ba ta isa amsa ba.

Akwai wani abu da masu muhawarar addinai ke yi wanda ke ƙara wa wutar mai. Mai wa'azin Kirista ya ɗauko Tauba 5 ya ce ga Musulunci, ya yi mata karatun da Shekau zai yi. Mai wa'azin Musulmi ya ɗauko Luka 19:27, inda aka ce a kawo maƙiyana a kashe su a gabana, ya ce ga maganar Yesu, bai faɗa wa masu sauraro cewa maganar wani sarki ce a cikin misali ba. Laifi tudu ne. Kowannensu yana neman a yi wa littafinsa adalcin duba mahalli da tarihi, ya hana na ɗayan, kuma matasan da ke sauraro suna tashi da yaƙinin cewa maƙwabcinsu jiran dama kawai yake.

Ga wanda ba malami ba, ba sai ya iya Larabci ko Helenanci kafin ya gwada abin da aka kawo masa ba. Ya buɗe littafin ya karanta ayoyi goma kafin wadda aka jawo da goma bayanta. Ya tambaya a kan wa ta sauka, ko wa ke magana kuma da wa. Ya tambayi mai jawo ta yadda waɗanda suka fara karɓarta suka yi aiki da ita: in Tauba 5 ta haɗa kowa, me ya sa sahabbai suka bar coci-coci a tsaye a Sham da Masar, Kiristocinsu suna nan har yau? In Luka 22 umarnin ɗaukar makami ne, me ya sa Ayyukan Manzanni ba ta nuna manzo ko ɗaya ya rama duka ba? Sannan ya nemi sunan malami uku daga zamani daban-daban da suka fahimci ayar haka. In amsar ita ce duk malamai sun sayar da addini sai mutum ɗaya, to an zo wurin. In kuma aka ce kada ya gaya wa iyayensa ko limaminsa ko fastonsa, an wuce wurin.

Martanin manyan malamai ya yi yawa a 'yan shekarun nan: Saƙon Amman na 2004 da ya amince da mazhabobi takwas ya hana kafirta mabiyansu, buɗaɗɗiyar wasiƙar malamai fiye da 120 ga Bagadadi, shugaban ISIS na lokacin, a 2014, takardar da Fafaroma Francis da Shehun Azhar Ahmad al-Ɗayyib suka sa wa hannu a Abu Dhabi a 2019. Suna da amfani ga wanda bai shiga ba tukuna. Ga wanda ya riga ya shiga, tasirinsu kaɗan ne, domin an riga an koya masa cewa waɗannan malaman fada ne. Abin da ya fi girgiza irin waɗannan shi ne wanda ya fito daga cikinsu ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Ibn Abbas ya yi. Bayan Münster, Menno Simons ne, daga cikin masu sake baftismar, ya tattara ragowar ya kafa su kan haramcin ɗaukar makami, kuma mabiyansa suna kan haka har yau. Shugabannin Jama'atul Islamiyya ta Masar sun tsagaita wuta a 1997, suka fitar da littattafan gyara a 2002, suka riƙa zagayawa gidajen yari suna tattaunawa da mabiyansu, kuma ƙungiyar ba ta koma yaƙi ba. Sayyid Imam, wanda a da littattafansa ne ake karantarwa a sansanonin Afganistan, ya fitar da nasa gyaran a 2007. Shi nasa bai yi irin wannan tasiri a waje ba, domin daga kurkuku ya rubuta, kuma Zawahiri na ƙungiyar Alƙa'ida ya yi amfani da hakan ya ce maganar wanda ke tsare ba abin dogaro ba ce.